Ma'aunin Ƙarfin Ƙungiyoyin Ƴan Ta'adda: Waiwaye a kan Tarihi daga 1988 zuwa 2025

1. Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 2011, wata biyu bayan sojojin Amurka sun kashe Usama bin Ladan a garin Abbottabad na ƙasar Pakistan, sakataren tsaron Amurka na wancan lokaci, Leon Panetta, ya shaida wa ƴan jarida cewa saura ƙiris a karya ƙungiyar Alƙa'ida, karayar da ba za ta sake miƙewa ba. A lissafinsa, manyan shugabannin da suka rage mata ba su wuce 10 zuwa 20 ba, kuma da zarar an kau da su zance ya ƙare. Kafin shekara ta zagayo, reshen ƙungiyar na Magrib da abokan tafiyarsa sun riƙe Tumbutu da Gawo da Kidal, wato kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Mali.

Wannan kuskure ya sha faruwa kafin 2011, ya kuma sha faruwa bayanta. Tun daga 2001 gwamnatocin duniya ke auna ƙarfin ƙungiyoyin nan masu iƙirarin jihadi da ma'aunai uku: yawan shugabannin da aka kashe, da yawan mayaƙan da suka rage, da faɗin ƙasar da ke hannunsu. Wannan nazari zai bi tarihin ma'aunan nan uku, ya nuna inda suka faɗi gaskiya da inda suka ɓad da masu aiki da su. Maganar tana da nauyi, domin a kan irin wannan awo ne ake tsai da shawarar aika soja ko janye shi, kuma idan awon ya kuskure, mutanen karkara ne ke biyan bashin da rayukansu da dukiyarsu.

2. Mafarin al'amarin

An kafa Alƙa'ida a birnin Peshawar a 1988, a ƙarshen yaƙin da aka yi da sojojin Tarayyar Sobiyet a Afganistan. Shugabanta ya zauna a Sudan har zuwa 1996, sa'an nan ya koma Afganistan ya fake a inuwar Taliban. Ranar 7 ga Agusta 1998 ƙungiyar ta kai hari ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu, akasarinsu ƴan Afirka. Ranar 11 ga Satumba 2001 mutanenta 19 suka hallaka kusan mutum 3,000 a cikin Amurka kanta. Hukumar da ta yi binciken wannan hari ta ƙiyasta cewa abin da aka kashe wajen shirya shi bai wuce dala 400,000 zuwa 500,000 ba.

Martanin duniya ya zo da sauri. Ranar 28 ga Satumba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa toshe kuɗin ƴan ta'adda. Ranar 7 ga Oktoba aka fara yaƙin Afganistan. A 2002 Amurka ta ɓullo da shirin horar da sojojin Nijar da Mali da Cadi da Muritaniya. Bayan shekara 20, masu bincike na Jami'ar Brown suka ƙiyasta abin da yaƙe-yaƙen suka ci wa Amurka a kan dala biliyan dubu 8.

Ƙungiyar da aka tashi yaƙa a 2001 ƙarama ce. Tana da shugaba ɗaya, da majalisar shawara ɗaya, da sansanonin horo a ƙasa ɗaya, waɗanda suka yi wa bin Ladan mubaya'a kuma ɗaruruwa ne kawai. Ga irin wannan ƙungiya ma'aunan uku sun dace, shi ya sa ma cikin shekara biyu aka tarwatsa sansanoninta, aka kama Khalid Shaikh Muhammad, wanda ya tsara harin Satumba, a watan Maris na 2003. Amma daga nan sai siffar abin ta sake. Ƙungiyoyin da suka tsiro a ƙasashensu, kowace da tata rigima, suka shiga yi wa Alƙa'ida mubaya'a suna ɗaukar sunanta: ta Abu Mus'ab Zarƙawi a Iraƙi a 2004, da GSPC ta Aljeriya a 2006, wadda ta koma AQMI a Janairun 2007, da Alshabab ta Somaliya a 2012. GSPC, alal misali, ƴar yaƙin basasar da ya ɓarke ne bayan sojojin Aljeriya sun soke zaɓe a Janairun 1992. Abin da ake aunawa ya sake, tiyar awon kuwa tana nan yadda take.

3. Ma'auni na farko: shugabannin da aka kashe

Hausawa na zargin wanda ya kashe maciji bai sare kansa ba. Masu yaƙi da ta'addanci sun riƙi wannan hikima da hannu biyu, sai dai tarihi ya nuna ba kowane maciji ne sare kai ke kashewa ba. An kashe Zarƙawi a watan Yuni na 2006, a watan Oktoba magadansa suka shelanta abin da suka kira Daular Musulunci ta Iraƙi. A watan Afrilu na 2010 aka kashe manyan shugabanninta biyu a rana ɗaya, har kwamandan sojojin Amurka a Iraƙi, Janar Ray Odierno, ya sanar a watan Yuni cewa cikin shugabanni 42 an kashe ko an kama 34. Wanda ya gaji kujerar a wannan shekara shi ne Abubakar Albagadadi, kuma bayan shekara huɗu shi ya ci birnin Mosul. Shi ma an kashe shi a Oktoban 2019, magadansa uku suka bi shi tsakanin 2022 da 2023, amma rassan ƙungiyar na Afirka ba su fasa komai ba.

Ƙasar Barno ta ga irin wannan. Ranar 30 ga Yuli 2009 aka kashe Muhammad Yusuf a hannun ƴan sanda a Maiduguri, aka ɗauka Boko Haram ta mutu. A Satumban 2010 mabiyansa suka fasa gidan kason Bauci, a Agustan 2011 suka tai da bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja. Magajinsa, Abubakar Shekau, an sanar da mutuwarsa fiye da sau ɗaya yana fitowa yana ƙaryatawa, kuma da ajalinsa ya zo a watan Mayu na 2021, abokan hamayyarsa na ISWAP ne suka rutsa shi a dajin Sambisa. A yammacin Sahel kuwa an kashe Abu Zaid a 2013, da shugaban AQMI Abdulmalik Drukdel a 2020, da Abu Walid Assahrawi a 2021.

Akwai misali guda da ya sha bamban, kuma yana da amfani a tuna shi. An kashe Muhammadu Marwa Maitatsine a Kano a Disamban 1980. Almajiransa sun sake tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gwambe a 1985, daga nan wutar ta mutu. Dalili shi ne tafiyar ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya, ba ta da baitulmali, ba ta da tsarin gado, ba ta da yankin da take karɓar haraji. Ke nan kashe shugaba yana kashe ƙungiyar da shugaban ke ɗauke da ita, amma ƙungiyar da ita ke ɗauke da shugaban sai ta naɗa wani.

4. Ma'auni na biyu: yawan mayaƙa

A watan Yuni na 2010 Panetta, a lokacin yana shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, ya ce ƴan Alƙa'ida da suka rage a Afganistan ba su wuce 50 zuwa 100 ba. An daɗe ana maimaita wannan adadi, sai a Oktoban 2015 sojojin Amurka da na Afganistan suka tarar da wani makeken sansanin horo na ƙungiyar a Shorabak, cikin lardin Kandahar, suka yi kwanaki suna gwabzawa kafin su rushe shi. Haka kuma a Satumban 2014 CIA ta ɗaga ƙiyasinta na mayaƙan Da'ish, wato ƙungiyar Albagadadi, daga kamar 10,000 zuwa tsakanin 20,000 da 31,500. Tazarar da ke tsakanin adadin nan biyu na ƙarshe kaɗai ta isa rundunar sojan wata ƙasar.

Kuskuren lissafi bai tsaya a gefe ɗaya ba. Mayaƙan da suka shiga Mosul a watan Yuni na 2014 ba su kai dubu biyu ba, alhali a takarda dubun dubatar sojoji da ƴan sanda ne ke tsaron birnin. Bayan ƴan watanni firayim ministan Iraƙi, Haidar Abadi, ya bayyana cewa an gano sunaye 50,000 na sojojin da ke karɓar albashi amma babu su a bakin aiki. Saboda haka ƙarfin ƴan ta'adda ba ya auno shi kaɗai, sai an jera shi da raunin hukumar da ke fuskantarsa.

A Sahel ma tambayar wane ne mayaƙi ba ta da amsa guda. Akwai wanda ya yi mubaya'a ya bar gida, akwai saurayin da ke hawa babur idan an kira ya koma bayan garkensa idan an watse, akwai mai sayar musu da mai, akwai mai ba su labari don tsoro. Ranar 10 ga Disamba 2019 ɗaruruwan mahara a kan babura da motoci suka faɗa wa barikin Inates, sojojin Nijar 71 suka kwanta dama. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka sake yin haka a Shinagodar, aka rasa 89. Bayan harin maharan sun watsu cikin daji da ƙauyuka. Rundunar da ke taruwa da safe ta narke da la'asar ba ta ƙirguwa yadda ake ƙirga sojan bariki.

5. Ma'auni na uku: faɗin ƙasa

Wannan ma'auni shi ya fi daɗin nunawa a taswira. A ganiyarta Da'ish ta riƙe kimanin murabba'in kilomita 88,000 a Iraƙi da Siriya, da mutane kusan miliyan 8. An ƙwace Mosul a Yulin 2017, da Raƙƙa a Oktoba, da ƙauyen Baguz a Maris na 2019. A Mali, sojojin Faransa sun sauka ranar 11 ga Janairu 2013, kafin wata ya ƙare sun ƙwato Gawo da Tumbutu. A Najeriya an ƙwato Gwoza a Maris na 2015, a Disamba kuma shugaba Muhammadu Buhari ya ce a fagen fama an riga an ci Boko Haram. Bayan wata shida, a farkon Yunin 2016, mayaƙanta suka afka wa garin Boso na jahar Difa, dubban mutane suka yi gudun hijira.

Adalci ne a faɗi inda wannan ma'auni ya yi gaskiya. Harin da ya kashe mutum 130 a birnin Paris a Nuwamban 2015 daga Siriya aka shirya shi, kuma tun da Raƙƙa ta faɗi irin waɗannan manyan hare-hare suka ragu ƙwarai a yammacin Turai. Haka nan ba a sake yin kwatankwacin harin Satumban 2001 ba. Wannan ya nuna ƙarfi iri biyu ne. Akwai ƙarfin kai hari nesa, wanda ke buƙatar sansani da kuɗi da fasfo da ƙwararrun masu tsarawa. Akwai kuma ƙarfin zama cikin jama'a a mallake su. Manyan ƙasashe sun fi mai da hankali ga na farko, tun da shi ke iske su har gida, kuma mai riƙe da tiya shi ke zaɓen abin da za a auna.

Su kansu shugabannin ƙungiyoyin sun ɗauki darasi daga asarar garuruwa. A 2013 ƴan jarida sun tsinci wata wasiƙar Drukdel a Tumbutu, inda yake zargin kwamandojinsa da gaggawa wajen yanke hukunce-hukunce da rushe hubbarori, yana yi musu gargaɗi su bi jama'a a hankali, su fake a bayan ƙungiyoyin ƴan ƙasa. Waɗanda suka biyo baya sun yi aiki da wannan shawara: suka bar wa gwamnati birni da tutarta, suka riƙe daji da hanya.

6. Ma'aunin da aka yi wa sakaci

Shigar GSPC cikin Sahel ta faro ne da neman kuɗi. A 2003 ta sace Turawa masu yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya, ta tsallaka da wasunsu arewacin Mali. Kwamandojinta irin su Mukhtar Balmukhtar suka yi aure cikin Larabawan yankin Tumbutu, suka zama surukai. Nijar ta ɗanɗana wannan zamani: an sace jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya, Robert Fowler, kusa da Yamai a Disamban 2008, aka sace mutum bakwai a Arlit a Satumban 2010, aka kai harin ƙunar baƙin wake Agadas da Arlit ranar 23 ga Mayu 2013. Binciken jaridar New York Times na 2014 ya nuna Alƙa'ida da rassanta sun karɓi aƙalla dala miliyan 125 na fansa tun daga 2008, mafi yawa kuma AQMI ce ta karɓa. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta ƙara musu makamai.

Sai dai kuɗin fansa da makaman Libiya ba su isa su bayyana abin da ya biyo baya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2015 Amadu Kufa ya tashi da rundunarsa a Masina, cikin makiyayan da suka daɗe suna kuka da tarar ma'aikatan gandun daji, da kuɗin shiga makiyaya, da alƙalan da ke jan shari'a shekara da shekaru. Mutanensa suka kori ma'aikatan, suka riƙa yanke shari'ar gona da ta dabba cikin yini guda. A watan Maris na 2017 rundunar ta haɗu da Ansaruddin da sauran rassan AQMI suka zama JNIM, ƙarƙashin Iyad ag Gali. A kan iyakar Mali da Nijar kuwa reshen Da'ish ya sami mabiya cikin tsohuwar rigimar makiyaya da satar shanu.

Inda suka zauna, alamar ikonsu ita ce abin da suke kira zakka, wadda ake karɓa da bakin bindiga. Garin da ya ƙi biya ko ya kafa ƴan banga shi ke gamuwa da fushinsu. Haka aka kashe mutum kusan 100 a Coma Bangu da Zarumdarai ranar 2 ga Janairu 2021, aka kashe 137 a ƙauyukan Tiliya na jahar Tawa ranar 21 ga Maris. A tafkin Cadi, ISWAP ta ɗora haraji a kan kifi da dabbobi, tana kuma ba masunta da makiyaya izinin aiki. Dokar ta-ɓacin da aka kafa a Difa a 2015 ta hana hawan babur da cinikin kifi da tattasai don a toshe wa ƴan ta'adda kuɗi, amma ta kuma tsai da abincin dubban gidaje, abin da ya sa wasu samari sauraron mai kiran su zuwa tafki.

Idan aka auna da wannan tiya, hoton sai ya sake. Rundunar Barkhane ta Faransa ta kai soja 5,100 a 2020, ga ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, ga ta ƙasashen G5 Sahel, duk da haka yankin da abin ya shafa faɗaɗa ya yi. Bayan juye-juyen mulkin Mali da Burkina Faso da Nijar, sojojin Faransa sun fice tsakanin 2022 da 2023, na Amurka suka bar Nijar a 2024, abin bai tsaya ba. An yi wa garin Jibo ƙawanya tun daga 2022. A farkon 2023 makarantu fiye da 6,000 ne a rufe a Burkina Faso, mutum fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A Satumban 2025 JNIM ta shiga ƙone tankokin man da ke zuwa Bamako daga Senegal da Kodebuwa, har gwamnatin Mali ta rufe makarantu na mako biyu, alhali ƙungiyar ba ta riƙe da babban birnin jaha ko ɗaya. Rahoton shekara-shekara na cibiyar nazarin tattalin arziki da zaman lafiya da ke Sidni ya nuna kashi 51 cikin ɗari na waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a Sahel suke, alhali a 2007 kashi 1 ne kawai.

7. Inda ƙarfin ya ragu da gaske

Tarihin bai rasa misalan nasara ba, kuma suna da kama da juna. A Aljeriya, kisan gillar da ƙungiyar GIA ta yi wa ƙauyawa a Rayis da Bantalha a 1997 ya raba ta da jama'a, dokar sulhu ta 1999 kuma ta buɗe wa dubban mayaƙa ƙofar saukowa daga duwatsu. A Iraƙi, abin da ya durƙusar da magadan Zarƙawi tsakanin 2006 da 2008 shi ne juya bayan da ƙabilun lardin Anbar suka yi musu, kuma da gwamnatin Bagadaza ta yi watsi da waɗannan ƙabilu ne ƙungiyar ta sake samun kafa. Muritaniya ta haɗa gyaran rundunarta da kai ma'aikatan hukuma yankunan kan iyaka, ta kuma tura malamai su yi muƙabala da fursunoni a 2010, tun daga 2011 kuwa hare-hare suka yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar. A Indunisiya, shugabannin Jama'a Islamiyya, wadda ta kashe mutum 202 a Bali a 2002, da bakinsu suka sanar da rushe ta a watan Yuni na 2024. Nijar ma ta gwada wannan hanya da ta yi wa tubabbun Boko Haram tayin afuwa a Disamban 2016, ta buɗe musu cibiya a Gudumariya. A duk waɗannan wurare an yi aiki da soja, amma abin da ya yanke hukunci shi ne ranar da jama'a suka daina biya, suka daina ɓoyewa, mayaƙa kuma suka sami ƙofar fita.

8. Kammalawa

Abin da tarihin shekarun nan 37 ya nuna shi ne ma'aunai ukun da aka saba da su sun auna ƙarfin kai hari nesa, kuma a nan an sami nasarar da ba a musu. Alƙa'idar da ta shirya harin 2001 ta zama kufai, shugabanta na biyu, Aiman Zawahiri, an kashe shi a Kabul a Yulin 2022. Ƙarfin mallakar jama'a kuwa wasu tambayoyi ne ke auna shi. Wa ke karɓar zakkar garke, wa makiyayi da manomi ke kai wa ƙara idan sun saɓa, wa ke ba da izinin cin kasuwa da buɗe makaranta, hakimai da masu gari nawa ne ke kwana a garuruwansu, motar mai kuma tana iya bin hanya ba da rakiyar soja ba? Amsar waɗannan tambayoyi tana bakin direbobi da fatake da matan da ke sansanonin gudun hijira, kuma sau da yawa sun riga rahoton hukuma sanin ta da watanni. Duk wanda zai rubuta tarihin wannan zamani, ko zai tsai da shawara a kansa, wajibi ne ya tattara shaidarsu da harsunansu, ya jera ta da alƙaluman barikin soja kafin ya ce an ci nasara.